Taya, Famfo da Awon Ƙasa: Tarihin Injin Feshi

Duk wanda ya ga babban injin feshi yana ratsa gonar alkama, fikafikansa a buɗe sun kai mita 24 ko fiye, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne an yi wa tanki taya ne don a sauke wa ɗan Adam kaya daga gadon baya. Gaskiya ne, amma guntuwar gaskiya ce. Ruwa na da nauyi, lita 1,000 tan guda ce cur, kuma ba mai musun cewa gara doki ko tarakta su ja shi da a ce mutum ya goya. Sai dai in aka bi sawun wannan na'ura tun daga gonakin inabin Faransa na shekarun 1880 zuwa yau, za a tarar dakon ruwa matsala ce da aka kashe bakinta tun da wuri. Abin da ya shafe fiye da shekara ɗari yana hana maƙera da injiniyoyi barci shi ne awo: yadda za a sa maganin da ke fita ta bakin feshi ya yi daidai da faɗin ƙasar da aka taka, ko tafiya ta yi sauri ko ta yi nawa. In magani ya yi kaɗan ƙwaro ya tsira, har ya saba da shi. In ya yi yawa ganye ya ƙone, kuɗi ya tsiyaye a ƙasa. A ganina aikin da taya ke yi na ma'auni ya fi aikinta na dako nauyi a wannan tarihi, kuma da shi ne za a gane dalilin da ya sa injin ya karɓu a wasu ƙasashe ya ƙi karɓuwa a wasu.

Feshi ya girmi injinsa. A 1867 manoman Amurka suka fara yaƙar ƙwaron dankalin Turawa na Colorado da wani koren garin fenti mai gubar arsenik da ake kira Paris green, kuma kayan aikinsu bai wuce bokiti da tsintsiya ko buhun barbaɗe ba. A Faransa ma da tsintsiyar aka soma. Bayan ƙwarin phylloxera sun cinye saiwar inabi, an yi ta shigo da kurangar Amurka mai jure musu, sai ga shi an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin daga Amurkan wata cutar ta biyo, funfunar ganye wadda aka fara gani a Faransa a 1878. A watan Oktoba na 1882 wani farfesan ilimin tsirrai na Bordeaux, Alexis Millardet, ya lura cewa kurangar bakin hanya a Saint-Julien, cikin yankin Médoc, tana nan da ganyenta, alhali ta cikin gona ta kakkaɓe. Ashe masu gonar sun saba yayyafa wa layin bakin hanya shuɗin gishirin jan ƙarfe haɗe da farar ƙasa, don masu wucewa su ga launin su ji tsoron tsinkar inabi. A 1885 ya wallafa sakamakon gwajinsa, aka sami abin da ake kira haɗin Bordeaux. Haɗin farko kauri gare shi ƙwarai: kilo 8 na gishirin a lita 100 ta ruwa, a haɗa da kilo 15 na farar ƙasa da aka jiƙa a lita 30. Ma'aikaci na riƙe da bokiti a hannu ɗaya, 'yar tsintsiya a ɗayan, yana tsomawa yana yarfawa. Wannan ganye ya sha har yana ɗiga, na gefensa ko ɗigo bai samu ba, ƙarƙashin ganyen kuwa, inda cutar ke shiga, a bushe yake.

Cikin shekaru kaɗan aka shigo da sassa uku cikin aikin feshi waɗanda har gobe su ne ginshiƙin injinsa. Na farko bakin feshi ne. A ma'aikatar gona ta Amurka, William Barnard da ke aiki ƙarƙashin Charles Riley ya ƙera wani baki wanda ruwa ke shiga ɗan ɗakinsa ta gefe, ya yi ta juyawa, sannan ya fito ta ƙaramar huda a tarwatse. Farar ƙasa kan toshe hudar, don haka Victor Vermorel na Villefranche-sur-Saône ya ƙara masa allura wadda in an danna ta sai ta zungure toshiyar ta koma. Na biyu famfon fistin ko na fata. Na uku kuwa tukunyar iska ce, wani rufaffen kurtu da iska ke matsuwa a samansa idan an bugo ruwa, ta ci gaba da turo shi tsakanin bugu da bugu, don kada feshin ya riƙa fita yana yankewa. John Bean, wani tsohon maƙerin famfo da ya koma Kalifoniya, ya yi amfani da wannan dabara wajen 1883 don ceton itatuwansa na almon daga ƙwari masu manne wa reshe, kuma kamfaninsa ne ya rikiɗa daga baya ya zama FMC. Vermorel ya haɗa sassan nan cikin tankin jan ƙarfe na goyo mai suna Éclair, wanda shi ne kakan duk injin goyon da ake sayarwa yau a kasuwanninmu. Injin goyo ya magance tarwatsa ruwa, amma ya bar awo inda ya same shi, wato a ƙafar mai feshi da dantsensa. Mutum da safe daban, mutum da azahar daban. Idan ya gaji takunsa ya ragu, hannunsa ya sassauta, abin da kadada ta sha da hantsi ba shi za ta sha da yamma ba.

A nan ne amalanken feshi na doki ya zo da abin da ya fi ɗaukar ganga muhimmanci. Yana da kyau a tsaya a dube shi da kyau. Ganga ce ta katako ko ta jan ƙarfe bisa manyan tayoyin ƙarfe biyu, mutum na zaune a sama da linzami. A jikin ƙarfen da ya haɗa tayoyin an ɗaura haƙori da sarƙa, ko wani karkataccen faifai, wanda ke tura fistin ɗin famfo gaba da baya. Daga ƙarfen nan dai ake juya maburgin da ke cikin ganga, don haɗin Bordeaux da an bar shi sai ya kwanta. A baya ga bututu kwance a gicciye, da bakunan feshi jere a kansa, kowanne saitin layin shuka. Hikimar ita ce taya ba ta san sauri ba, nisa kawai ta sani. A ɗauka kewayen tayar mita 4 ne, faɗin bututun mita 5, kuma kowane juyi famfo na tura lita guda. Kowane juyi ke nan an shafe murabba'in mita 20, kadada ɗaya juyi 500 ce, ta sha lita 500. Ko dokin ya yi sukuwa ko ya ja ƙafa lissafin nan bai canja ba, in ya tsaya kuma feshi ya tsaya. Irin wannan amalanke ya bazu a gonakin dankali da na inabi a Turai da Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma ya ƙara samun aiki bayan wani manomin inabi na Faransa mai suna Bonnet ya lura, wajen 1896, cewa ruwan gishirin jan ƙarfe na kashe wata ciyawa mai faɗin ganye a gonar hatsi ya bar hatsin. Tun daga nan feshi ya fita daga layin kuranga ya shiga fili mai faɗi, inda ido ba zai iya tuna inda aka fesa da inda aka tsallake ba.

To amma amalanken na da aibi, kuma aibin a cikin hikimarsa yake. Hudar bakin feshi girmanta ɗaya ne kullum. In doki ya rage tafiya, ruwan da ake turowa ya ragu, matsinsa ya faɗi, sai feshin da ya kamata ya fito kamar hazo ya koma tsiyaya. Adadi ya yi daidai, rabon bai yi ba. A gonar itatuwa kuwa abin ya fi muni, domin dole a tsaya gindin itace a wanke shi tun daga ƙasa har ƙoli, kuma da an tsaya famfo ya mutu. Masu gonakin tuffa na Amurka, waɗanda suka rungumi gubar dalma da arsenik bayan an fara amfani da ita a Massachusetts a 1892, su ne suka fi matsuwa da neman mafita. Mafitar ita ce a ɗora ƙaramin injin fetur a kan amalanken ya riƙa juya famfo, abin da ya zama ruwan dare a farkon ƙarni na 20. Matsi ya samu, ya kuma dawwama, domin an sa bawul mai sifirin da ke mayar da rarar ruwa cikin tanki. Littattafan tarihin noma kan lissafa wannan a matsayin ci gaba tsantsa. Ni dai ina ganin ciniki aka yi, aka ba da wani abu aka karɓi wani. Da famfo ya rabu da taya, ruwa ya koma fita da ƙarfi ɗaya a kowane minti ba tare da ya san ko ana tafiya ba. A gindin itace wannan ba laifi. Amma da aka mayar da injin fili, awo ya sake komawa hannun mutum, wannan karon direba, wanda in ya rage gudu a kwana ko a hawa sai ƙasar wurin ta sha ninki.

Mai ja da wannan magana zai ce na ɗora doki a bayan amalanke: masu haɗa magunguna ne suka ja ragamar tarihin, injin kuwa biyo su kawai ya yi. Yana da hujja mai ƙarfi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masu bincike a Ingila da Amurka suka gano MCPA da 2,4-D, magungunan ciyawa da tsiro ke sha su bi jikinsa, kuma daga 1945 zuwa 1946 suka shiga kasuwa. Tsofaffin magunguna sai sun lulluɓe ganye kafin su yi aiki, shi ya sa ake zuba wa kadada kusan lita 1,000. Sababbin ba sa bukatar haka, lita 100 zuwa 200 ta isa. Nan da nan tanki ya ƙanƙance har ya rataya a bayan tarakta irin ta Ferguson, famfo ya koma ƙarami, bakin feshi mai fitar da ruwa a shimfiɗe ya maye gurbin mai juyawa. Duk wannan magani ne ya jawo shi, ba musu. Amma a duba abin da ya biyo baya. Maganin da kilo guda ko ƙasa da haka ya ishi kadada, kuskure kaɗan a awonsa babban kuskure ne. Haɗin Bordeaux in ya yi yawa asara ce ta kuɗi da ɗan ƙunar ganye. 2,4-D in ya yi yawa yana murɗe amfanin gonar kansa, in iska ta ɗebe shi kuma ya sauka kan audugar maƙwabci ko tumatirinsa. Wato ƙarfin sabon magani bai rage bukatar awo ba, ƙara mata tsanani ya yi, kuma mai haɗa magani ba abin da zai iya yi a kai face ya rubuta adadi a jikin kwalba. Cika abin da ya rubuta aikin ƙarfe ne.

Lissafin da kowane mai koyon aikin ke haddacewa gajere ne. Bakin feshi mai fitar da lita 1.2 a minti, a jera su rabin mita tsakani, a yi gudun kilomita 7.2 a awa, kadada za ta sha lita 200. A ninka gudun, ta sha 100. Mutum zai ce ai sai a ƙara matsi, amma a nan ne ruwa ke nuna taurin kansa: don a ninka abin da ke fita ta huda sau biyu, sai an ninka matsi sau huɗu. Bakin da ke aiki lafiya a matsin bar 3 sai an kai shi 12, kuma a irin wannan matsi ɗigon ya yi ƙanƙanta har iska mai rauni ta isa ta tafi da shi. Shekaru masu yawa ana kewaya wannan tarko. Sandar da ke bayan tarakta tana juya famfo, mai juyi 540 a minti, ta ɗan mayar da tsohuwar alaƙa, tunda a giya ɗaya in injin ya ƙara gudu famfo ma ya ƙara, sai dai da an canja giya lissafi ya rushe. Faransawa, waɗanda ba su taɓa sakin wannan tunani ba, sun ci gaba da ƙera injina masu famfon da taya ke juyawa, har suna da suna na musamman ga tsarin. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka fara liƙa maganaɗisu a jikin taya, na'ura na ƙirga juyinta tana buɗe bawul ko tsuke shi. Nan ma aka ci karo da wani abu: tayar da injin ke juyawa kan yi santsi a laka, ta ƙirga nisan da ba a yi ba. Sai aka koma auna tayar da ake ja, sannan rada, sannan tauraron ɗan Adam. A shekarun 1990 kuma aka fito da ɗan bawul na lantarki a kan kowane baki, yana buɗewa yana rufewa kusan sau goma a daƙiƙa, ta yadda za a rage ruwa ko a ƙara ba tare da an taɓa matsi ba. Sai a lokacin aka haɗa abubuwa biyun da amalanken doki da injin fetur suka raba a tsakaninsu, adadi mai bin nisa da matsi mai dawwama, bayan kusan ƙarni guda.

Akwai kuma wani awon da ba a cika lura da shi ba, na gicciye. Bakunan zamani masu kusurwar digiri 110 an tsara su ne su tsaya kimanin rabin mita sama da shuka, feshin kowanne ya hau kan na maƙwabcinsa, jimillar ta zama shimfiɗa ɗaya. In fiffike ya yi ƙasa sai gona ta yi zane-zane, nan ya sha nan bai sha ba. In ya yi sama iska ta kwashe. To ga inda taya ke zama abokiyar gaba. Injin da tazarar tayoyinsa mita 1.8 ce, in taya ɗaya ta hau hogen ƙasa mai tsayin santimita 5 kacal, kuma fiffiken a kafe yake da jikin injin, bakinsa na can ƙarshe a mita 12 zai yi sama da santimita 33, ɗaya ɓangaren ya yi ƙasa da haka nan. Duk wanda ya taɓa kallon ɗan garuwa ya san ɗan motsin kafaɗa yadda yake zama babban lilo a bakin sanda. Ga kuma kaɗawa ta gaba da baya, wadda ta fi ɓarna don ba a ganinta: bakin fiffike ya yi gaba da sauri ya tsallake wuri, ya dawo baya ya tsaya kan wani ya jiƙa shi sharkaf. Maganin da aka samo a Turai shi ne a daina kafe fiffike, a rataye shi daga sama yana reto, da sifirin da abin shanye girgiza, ta yadda jikin injin zai karkata shi kuma ya zauna daidai. Ba don wannan rataya ba da faɗin fiffike bai wuce mita goma sha wani abu ba, duk ƙarfin injin da girman tankinsa.

Daga nan labarin ya juya, ya zama gona ce ke bin injin. A wasu wuraren an fara ne da lanƙwasa ƙarfe ya dace da shuka. Ray Hagie, mai noman irin masara a Clarion ta jihar Iowa, ya ƙera injin feshi mai tuƙa kansa a 1947, doguwar ƙafa gare shi don ya bi ta saman masara. A Champagne da Burgundy, inda layin kuranga bai fi mita guda tsakani ba, aka ƙera tarakta mai tsallake layi tana tafe da shi a tsakanin ƙafafunta, kuma Vincent Ballu, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan, shi ya kafa kamfanin Tecnoma a Épernay a 1952. Amma a gonakin alkama na yammacin Turai shukar aka lanƙwasa. Daga shekarun 1970 injin shuka kan rufe wasu bututunsa lokaci-lokaci, ya bar layi biyu babu iri, daidai faɗin tayoyin tarakta, a kowace mita 12 ko 24 gwargwadon fiffiken mai feshi. Manomi ya yarda ya bar wani yanki na gonarsa fanko don taya ta san inda za ta bi, kada a maimaita wuri ko a tsallake. Haka aka cire shinge, aka haɗe ƙananan gonaki, aka baje ƙasa. Injin da ke ɗauke da lita 4,000 zuwa 6,000 a yau yana aiki ne a filin da aka share shekara hamsin ana gyara masa.

Wannan ne ya kawo mu ga ja na biyu, wanda ya shafe mu kai tsaye. Ana yawan cewa abin da ya hana injin feshi mai taya yaɗuwa a ƙasar Hausa talauci ne kawai, da kuɗi sun samu da kowa ya saya. Talauci na ciki, kuma manyan gonakin shinkafa da masara da suka mallaki tarakta suna amfani da shi. Amma a dubi gonar talaka yadda take. Kunya ce a jere, kimanin santimita 75 tsakani, wadda garmar shanu ta tayar, ba lallai ta miƙe sak ba. Gero da dawa da wake suna cikin gona ɗaya, tsayinsu daban, maganin da ya dace da wannan na iya kashe wancan. Ga gawo ko ɗorawa a tsakiya, ga suri, ga iyakar gado da ta karkace. A irin wannan fili taya ba ta da nisa ɗaya da za ta auna, fiffike ba shi da tsayi ɗaya da zai tsaya. Shaidar cewa siffar ƙasa ce ke hukunci tana nan kusa. A Jazira ta Sudan, inda Hausawa da yawa suka yi aikin auduga, kuɗi da tsari ba su yi ƙaranci ba, an kuma fara feshin DDT a tsakiyar shekarun 1940 da injinan ƙasa, amma laka mai danƙo da ban ruwa sun sa jirgin sama ya karɓe aikin. A arewacin Kamaru, inda ɗebo ruwa shi ne babbar wahala, manoman audugar kamfanin Sodecoton sun koma tun tsakiyar shekarun 1970 ga ɗan faifai mai juyawa da batirin tocila, irin wanda Edward Bals ya ƙera a kamfaninsa na Micron, wanda lita 1 zuwa 3 ta maganin mai ke isar kadada. An guje wa nauyin ne ba tare da taya ba. Inda kuma fili ya buɗe, taya ta shigo ba tare da an roƙe ta ba. Tun shekarun 1950 masu yaƙi da farin dango a gabashin Afirka suka ɗaura wa Land Rover wata na'ura da hayaƙin salansa ke tarwatsa magani da ita, kuma jikokinta masu faifai ne ake ɗorawa a bayan motoci a arewacin Nijar, kamar yadda aka yi a farmakin fara na 2004. Mota na tafe a gicciyen iska, ana barin kimanin mita 30 tsakanin sawu da sawu, lita guda ko rabinta a kadada, kuma babban abin da ake horar da direba a kai shi ne riƙe gudu ɗaya.

Kada a ɗauka wannan wanke injin goyo ne. Ya dace da gonarmu, amma da tsada ya dace. Mai feshin da ke rufe faɗin mita guda sai ya taka kilomita 10 kafin ya gama kadada, in kuma lita 200 zai zuba da tanki mai cin 16, sai ya cika shi sau goma sha uku. Yana tafiya ne cikin abin da ya fesa, wandonsa na shan sa, tankin da ke yoyo na jiƙa masa baya. Awo kuwa yana nan inda Vermorel ya bar shi. Manomi na lissafi da murfin kwalba ko gwangwanin madara a kowane tanki, wanda hakan ƙarfin haɗi kawai yake faɗa, bai faɗi tanki nawa ya kamata gonar ta sha ba. Injin goyo mai batir da ya cika kasuwa yanzu ya hutar da dantse ya daidaita matsi, wato ya maimaita cinikin da injin fetur ya yi a farkon ƙarnin da ya wuce, ruwa na fita bai ɗaya ko mai feshi na sauri ko ya tsaya gaisawa.

Shi ya sa samfuran da ake ta ƙerawa a Indiya da sassan injiniyancin noma na jami'o'inmu, inda ake ɗora tankin goyo kan tayar keke sarƙa na juya famfo, ko a yi amalanken feshi na shanu, ba abin raini ba ne, ko da yake sabuntar amalanken dokin 1890 ne. Sun gaji kyawunsa da aibinsa duka: adadi zai bi nisa, matsi zai faɗi in saniya ta yi nawa, sai an sa tukunyar iska mai girma. Za su kuma gamu da wasu matsalolin. Tayar dole ta bi kwarin kunya, don haka ko ta zama ɗaya tilo ko tazarar biyun ta zama ninkin santimita 75. Laka in ta manne mata kewayenta ya ƙaru, awo ya kauce, sai an yi mata abin kankarewa. Fiffike ba zai wuce kunya huɗu ko biyar ba in ana so ya zauna ba tare da rataya mai tsada ba. Lokacin aikinsu ma taƙaitacce ne, daga shuka zuwa sanda dawa ta kai gwiwa, wato feshin ciyawa na farkon damina, sai kuma gonar wake ko waken suya ko gyaɗa da aka shuka zalla. A makonnin nan ne kuwa ma'aikaci ke tsada kuma kowa ke neman mai feshi a rana ɗaya, don haka wanda ya fi dacewa ya mallaki irin wannan amalanke shi ne matashin da ke feshin haya daga gona zuwa gona, wanda in ya samu na'urar da ke auna ƙasa zai iya karɓar kuɗinsa a kan kadada maimakon a kan tanki.